Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayen Da Ke Cewa "Abokai Ne Suka Ɓata Min Yaro"

Assalamu alaikum iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena da Allah ya ɗora wa amanar 'ya'ya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malami ne, na daɗe ina koyar da samari da 'yan mata waɗanda suka gama sakandare, galibinsu 'yan shekara 18 zuwa 25. Kuma ni ma uba ne, don haka duk dutsen da na jefa a wasiƙar nan, kaina zai fara sauka. Cikin ayyukan da aka taɓa ɗora min akwai zama a kwamitin ladabtar da ɗalibai, aikin da ba wanda yake roƙon a ba shi. A can na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

An kama ɗalibai biyu da ƙwaya a ɗakin kwanansu, aka aika wa iyayensu. Da safe mahaifin na farko ya zo, dattijo mai kamala, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malam, wallahi ɗana ba haka yake ba. Yaron da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Wancan yaron da yake yawo da shi ne ya ɓata min shi." Na ba shi haƙuri, ya tafi. Da rana mahaifin na biyu ya iso, ya zauna a kujerar da na farko ya tashi a kai, ya buɗe baki ya ce, "Malam, wallahi ɗana ba haka yake ba." Sauran maganar kun riga kun san ta. Kamar tare suka haddace.

Ba na jin akwai wanda ya yi min ƙarya da gangan a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da ya sani game da yaron da ya raina. Amma tun daga ranar wata tambaya take cin raina. A duk shekarun da na yi a kujerar nan, ba a taɓa samun uba ko uwa da suka shigo suka ce, "Malam, ɗana ne ya ɓata 'ya'yan mutane" ba. Ko sau ɗaya. To in kowane yaro ɓata shi aka yi, su masu ɓatawar a wane gida aka haife su? Daga sama suka faɗo?

Kada ku ɗauka ina musun tasirin aboki. Wanda ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai bai yi ƙarya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta abokin zama na kirki da mai ɗauke da turaren almiski, mugun abokin zama kuma da mai zuga wutar maƙera: ɗaya ko bai ba ka komai ba za ka tashi da ƙamshi, ɗaya ko bai ƙona maka riga ba za ka tashi da wari. Abin da nake so mu duba shi ne yadda tasirin yake shiga, domin inda muke tsammaninsa ba nan yake ɓuya ba.

Mu a tunaninmu akwai wani shaiɗanin yaro da yake jan namu gefe yana hure masa kunne: sha wannan, gwada wancan. Hakan na faruwa, amma ba shi ne mafi yawa ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya a Amurka, Laurence Steinberg, shi da Margo Gardner, sun wallafa wani gwaji a 2005. Sun tara mutum 306, wasu 'yan shekara 13 zuwa 16, wasu 18 zuwa 22, wasu 24 zuwa sama. Aka ba su wasan tuƙin mota a kwamfuta: fitilar kan titi ta nuna ruwan ɗorawa, ko ka taka birki ka tsira da ɗan makin da ka samu, ko ka ci gaba ka ƙara maki amma kana iya cin karo da bango. Wasu suka yi su kaɗai, wasu tare da tsararrakinsu biyu a ɗakin. Ƙananan, da aka sa musu abokai, kasadarsu ta ninka. 'Yan 18 zuwa 22 tasu ta ƙaru da kusan rabi. Manya kuwa ko a jikinsu. A 2011 aka sake gwajin da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wannan karon abokan suna wani ɗaki dabam, ba a bari su ba da shawara ba, mai tuƙin dai ya san suna kallonsa. Duk da haka matasan suka ƙara kasada, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa idan mutum ya hango lada ya fi motsi. Abin dariya, har ɓeraye aka gwada daga baya: ƙananan ɓeraye sun fi shan barasa in suna tare da 'yan'uwansu, manyan ɓeraye kuwa ba ruwansu da wanda ke kusa.

Ku lura da kyau, ba wanda ya ce wa kowa "taka mota". Ido ne kawai. Sanin cewa tsaranka na kallonka ya isa ya sa abin da kake gani haɗari ya koma abin burgewa. Shi ya sa jihohin Amurka da dama suka taƙaita yawan matasan da sabon direba matashi zai iya ɗauka a mota. Kuma masana na cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai aikin auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen tsakiyar shekarun ashirin. Saurayin da kuke gani da gemu da murya irin ta babansa, birkinsa bai gama ɗauruwa ba tukuna.

Wannan shi ya warware min rikicin dattawan nan biyu. Ɗauki misalin yara huɗu, kowannensu in shi kaɗai ne ba zai aikata abu ba, amma in suka haɗu sai su aikata. Wa ya ɓata wa? Haɗuwar ce. Kowa ya zuba nasa kason, ciki har da naka da nawa.

Akwai wani abu da na sha gani idan na kira 'yan ƙungiya ɗaya ɗaya bayan ɗaya na rufe ƙofa. Sai na farko ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni dama ban so ba, tsoro na ji kada a ce ni matsoraci ne." Na biyu ya ce, "Ni ma ban so ba, na ga kowa ya yarda ne." Ka bi su har na ƙarshe ka rasa wanda ya so. Kowa yana yi don ya faranta wa mutanen da su ma don shi suke yi. A 1993 Deborah Prentice da Dale Miller sun tarar da irin wannan a Jami'ar Princeton kan shan giya: ɗalibi yakan ɗauka sauran ɗalibai sun fi shi sakin jiki da yawan shan da ake yi, alhali da yawansu a zuci ba su saki jikin ba. Mazan cikinsu ma, da tafiya ta yi tafiya, sai ra'ayinsu ya karkata zuwa abin da suke zaton shi ne ra'ayin jama'a. Tun a shekarun 1950 Solomon Asch ya nuna cewa in aka zaunar da mutum cikin jama'ar da aka shirya su faɗi amsar ƙarya kan tsawon wasu layuka da kowa ke gani da idonsa, kusan uku cikin huɗu za su bi jama'a aƙalla sau ɗaya. Amma wurin da ya fi birge ni a gwajin shi ne wannan: in aka samu mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi gaskiya, bin jama'ar yakan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na yadda yake. Mutum ɗaya. Ɗanku ba ya bukatar abokai goma na kirki kafin ya iya cewa a'a. Guda ɗaya mai ƙarfin hali a gefensa ya wadatar, ko kuma shi ya zama gudan ga wani.

Yanzu ga maganar da ta fi ɗaci. Aboki ba ruwan sama ba ne da ke sauka a kan wanda ya ga dama. Zaɓarsa ake yi. Denise Kandel ta bi diddigin aminai 957, bibbiyu, a makarantun sakandare na jihar Niyok, daga farkon shekarar karatu zuwa ƙarshenta, ta wallafa a 1978. Ta ga cewa kamannin da ke tsakanin aminai a shan wiwi da burin karatu da ƙananan laifuka, kusan rabinsa daga tasirin juna ne, rabi kuma tun kafin su haɗu suna da shi, shi ya ma haɗa su. Wato kafin ka tambayi me abokin ya koya masa, tambayi me ya je nema wurin abokin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me suke nema? A abin da na gani, ba ƙwaya ko caca suke fita nema ba tun farko. Wurin da za a saurare su suke nema, inda in sun yi magana ba a katse su, inda in ba su zo ba za a tambayi lafiya. Ɗauki saurayi ɗan shekara 24 da ya gama karatu bai samu aiki ba. A gida da ya shigo fuska ta canza, kowace magana ta ƙare da "tsararrakinka duk sun wuce ka". Da ya fita kuwa akwai wurin da tun daga nesa ake kiran sunansa da murna, a matsa masa ya zauna. Ku gaya min tsakani da Allah, in ku ne, ina za ku yini? Kuɗin shiga wannan wurin shi ne ya yi abin da ake yi a wurin, kuma a ganinsa kuɗin bai yi tsada ba.

Ban ce duk yaron da ya kauce laifin iyayensa ne ba. Na san gidajen da aka yi duk abin da ya kamata, yara biyar suka shiryu ɗaya ya bauɗe. Annabi Nuhu ma ya kira ɗansa ya shigo jirgi ya ƙi. Shiriya ta Allah ce. Abin da nake ƙi shi ne mu mayar da kalmar "abokai" bargon da muke lulluɓe tambayoyin da ba ma son yi wa kanmu.

Ta ɓangaren 'yan mata kuwa, iyaye mata sukan ce ƙawaye ne suka hure mata kunne. A nan tasirin ya fi shiru, kuma bai cika kai kowa gaban kwamiti ba, shi ya sa ake raina shi. Yarinya ta buɗe waya ta ga ƙawarta da sabuwar sutura a wurin da ita ba ta taɓa zuwa ba, ba ta san aro aka yi ko bashi aka ci ba. Ba wanda ya ce mata ta yi komai, amma ta kwana tana jin ita ce koma-baya. Daga nan ake fara karɓar kyautar da bai kamata a karɓa ba. Haka kuma budurwa ko sabuwar amarya takan kai matsalarta gaban ƙawayen da ba su fi ta sanin rayuwa da kwana ɗaya ba, su yanke mata hukunci cikin minti biyar. Me ya hana ta kai wa uwarta? Sau da yawa don ta taɓa gwadawa ne aka rufe ta da faɗa kafin ta kai aya. Amma kuma na ga ɗalibai mata da ƙawaye ne suka riƙe su har suka gama karatu, suka yi wa wata bitar darasi lokacin da take jinya, suka raka wata ta kai ƙarar mai takura mata a lokacin da ita kaɗai ba za ta iya buɗe baki ba.

To idan muka ga abokin da bai kwanta mana ba, me muke yi? Mu kafa doka. "Kada in ƙara ganinka da wane." Bari in ba ku labarin kaina, don na yi.

Babban ɗana yana shekara 19 ya yi wani aboki da tun ganin farko na tsane shi. Gashi buzu-buzu, dariya kamar zai tsaga rufi, ga shi ya bar karatu a tsakiya. Akwai kuma wani abokin nasa mai sanyin murya, mai iya gaisuwa, tsaf-tsaf da shi, wanda har misali nake kafawa da shi. Na kira ɗana na ce mai gashin nan kada ya ƙara tako min gida, kai ma kada in ji an gan ku tare. Ya ce, "To, Baba." Na ji daɗi, na ɗauka na yi aikin uba. Ashe wannan "to" ɗin ba ta raba su ba, ni ta raba da labarinsu. Da can yakan zauna ya ba ni labarin inda suka je da abin da wane ya ce. Daga ranar sai "lafiya lau" da "ba komai".

Bayan wata bakwai wayata ta yi ƙara da dare, lambar da ban sani ba. Mai gashin nan ne. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na san ba ka son jin muryata. Amma kuɗin makarantar da ka ba shi ya zuba rabi a cacar waya, gobe yana shirin zuba sauran wai ya mayar da abin da ya rasa. Na yi masa magana ya ƙi ji. In ya san ni na gaya maka ya daina kula ni, amma gara haka." Da na bincika, wanda ya koya musu cacar, wanda ya buɗe wa ɗana asusun da hannunsa, shi ne mai sanyin muryar nan da nake kafa misali da shi. Ni da nake zama a kwamitin ladabtarwa ina yi wa iyaye nasiha.

Daga baya na ga ashe ba ni kaɗai na faɗa wannan ramin ba. Loes Keijsers da abokan aikinta a ƙasar Holan sun bi matasa na 'yan shekaru, suka wallafa a 2012 cewa hana yaro hulɗa da wasu abokai yakan biyo da ƙarin cuɗanya da abokai masu laifi, daga nan kuma laifin nasa ya ƙaru. A Suwidin kuma Håkan Stattin da Margaret Kerr sun nuna a 2000 cewa yawancin abin da iyaye suka sani game da inda 'ya'yansu suke da waɗanda suke tare da su, ba daga bincike da titsiye suka same shi ba, yaran ne suka faɗa da bakinsu. Waɗannan ma kan 'yan ƙasa da shekara 18 aka yi su, waɗanda har yanzu ake iya ce musu zauna su zauna. Ina ga ɗan shekara 22? Kuma a zamanin da za ka kulle ƙofa da kwaɗo, abokin yana cikin aljihunsa, suna hira a WhatsApp har asuba.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan girma, wanda iyaye da makarantu da hukumomi suke tarayya a kai, shi ne tara masu matsala wuri ɗaya da sunan gyara. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Masacusets a Amurka, wanda wani likita, Richard Cabot, ya assasa. An ɗauki yara maza sama da 500, aka raba su biyu. Rabi aka ba su masu ba da shawara da taimakon karatu da na asibiti da zuwa sansanin hutu, na kimanin shekara biyar. Rabi aka bar su haka. Bayan shekara 30 Joan McCord ta nemo su. Waɗanda aka taimaka ɗin sun fi waɗanda aka bari shiga matsala: maimaita laifi, shaye-shaye, mutuwa da wuri. Cikinsu kuma waɗanda aka tura sansanin hutu fiye da sau ɗaya, inda suka yi makonni tare da irinsu, su suka fi lalacewa. Thomas Dishion, wanda ya yi nazarin hirar samari da aka ɗauka a bidiyo, ya nuna hanyar da abin ke bi, kuma ba wata babbar hanya ba ce: ɗaya ya ba da labarin ɓarnar da ya yi, sauran su fashe da dariya. Dariyar ce ladan. Gobe sai ya nemo labarin da ya fi na jiya.

Don haka kafin ku ɗauki ɗanku ku kai shi wani gidan gyaran hali, ku tambaya: da su wa zai kwana, da su wa zai yini, wa ke zaune tare da su idan malami ya fita? Wanda shaye-shaye ya kama shi yana bukatar likita da magani, wannan ba wasa ba ne, kada a tsaya jan ƙafa. Amma in ya fito ya koma cikin mutanen da ya baro, ba a sama masa wasu ba, an yi wanka ne an koma cikin turɓaya. Ba a raba matashi da abokai a bar shi a fili. Sai dai a musanya masa.

Kuma ƙofar da sharri ke shigowa ta nan alheri ke shigowa. Nicholas Christakis da James Fowler sun duba bayanan mutum sama da 12,000 na garin Framingham da ke Amurka daga 1971 zuwa 2003, suka ga mutane ba ɗai-ɗai suke daina shan sigari ba, rukuni-rukuni suke dainawa. In abokinka ya daina, yiwuwar kai ka ci gaba da sha takan ragu da kashi 36 cikin 100. A 2022 Raj Chetty na Jami'ar Harvard da tawagarsa suka yi nazarin abotar Amurkawa sama da miliyan 70 a Facebook. Suka ga cewa cikin abubuwan da suka fi nuna ko ɗan talaka zai ɗaga a rayuwa akwai yawan cuɗanyar masu ƙaramin ƙarfi da masu hali a inda ya tashi. A lissafinsu, da ɗan talaka zai tashi a inda abota ta haɗa shi da masu hali kamar yadda take haɗa ɗan mai hali, abin da zai riƙa samu in ya girma zai ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Ba sadaka ake ba shi ba. A bakin aboki yake jin cewa ana neman gurbin karatu kaza, ana rubuta takardar neman aiki kaza, kuma irinsa ma na iya shiga.

A nan ina da magana da ku iyaye masu rufin asiri. Da yawanmu idan muka ce "abokan banza", in aka tona, ba hali muke nufi ba, gidan da yaron ya fito muke nufi da irin takalmin da ke ƙafarsa. Ni ma da gashi na auna. Kuna tsoron kada a ɓata muku naku, amma ba ku taɓa tunanin cewa naku zai iya zama mai turaren da wani yaron yake bukata ba. Wanda ya tashi a gidan da aka ba shi tarbiyya, ina amfanin tarbiyyar in an kulle ta a ɗaki?

Ƙasar Aisland ta gwada wani abu da ya dace mu sani. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 a can sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya koma kashi 5. Masu shan sigari kullum suka sauko daga kashi 23 zuwa 3. Ba wa'azin illar giya suka ƙara ba. Sun tsaurara dokar sayarwa, sun sa lokacin da yara za su koma gida da dare, sun zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran abubuwan da matasa za su taru a kai ƙarƙashin idon babba. Sannan iyayen 'yan aji ɗaya suka riƙa haɗuwa suna sa hannu kan yarjejeniya guda, yadda ba yaron da zai ce "ai iyayen su wane sun bar shi". Ba su raba abokai ba, sun canza abin da abokai suke haɗuwa su yi ne, kuma iyayen suka san juna.

Wannan na ƙarshen shi ne roƙona na farko gare ku, don ba ya bukatar gwamnati. Dattawan nan biyu da na ba ku labari, 'ya'yansu sun shekara uku suna kwana ɗaki ɗaya, amma su ba su taɓa jin muryar juna ba sai ranar da na haɗa su a ofishina, kowa yana harare da ɗan'uwansa. Da sun san juna tun shekarar farko, da ɗaya ya kira ɗaya ya ce, "Na ga nawa ya rame, ya naka?" Ku nemi iyayen abokan 'ya'yanku tun ana zaman lafiya. Ku bar abokan su shigo gida, ku san sunayensu na gaskiya da na tsokana, ku zauna ku ji irin abin da ke ba su dariya, domin a dariyar za ku gane inda aka dosa fiye da a gaisuwa. Gidan zai yi hayaniya, za a ɓata muku shimfiɗa. Ku haƙura.

Idan kuma kun ga abin tsoro na gaske a wurin wani aboki, ku faɗi abin da kuka gani, ku bar zagin mutumin. "Na ga yana tuƙi a buge, ba na so ka shiga motarsa" magana ce da saurayi zai iya ɗauka. "Wannan ɗan iska ne" kuwa gayyata ce ya tsaya ya kare amininsa, kuma zai kare shi ko da a zuci ya san kuna da gaskiya. Ku tambaye shi shi me ya gani. Za ku yi mamakin yadda ya riga ku lura. Sannan ku ba shi hanyar fita da ba za ta zubar masa da girma a gaban tsararrakinsa ba. Ni abin da na ce wa nawa bayan abin da ya faru shi ne: duk inda ka samu kanka ka ga ba ka son abin da ake shirin yi, ka ɗora min laifin, ka ce babanka masifaffe ne yana nemanka yanzu-yanzu. In kuma dare ya yi maka a inda bai kamata ba, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, zan zo in ɗauke ka, kuma a daren ba zan tambaye ka komai ba, sai gari ya waye. Sau biyu ya kira. Sau biyun na cika alkawari, ko da yake na farkon sai da na ciji leɓe har gida.

Wata rana kuma, in aka kira ku aka ce an kama naku da na wani, kafin ku ce "ɗana ba haka yake ba", ku tuna akwai wani uban a hanya da wannan jimlar a bakinsa.

Shi kuwa mai gashin nan, ɗana ya yi wata biyu ba ya yi masa magana, daga baya suka shirya. Ya koma karatu da yamma, yana aiki da rana. Na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce, "Haba Baba, ai ko ni ne kai ba zan yarda da ni ba," ya saki dariyar nan tasa har maƙwabta suka leƙo. Jiya ma ya zo gidan. Har yanzu bai aske gashin ba, ni kuma na daina tambaya.

Wassalam.

Naku,
Wani malami, kuma uban samari uku da budurwa ɗaya.